Bargon da Ya Gaza da Taƙi Guda

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Bargon ya dawo daga Hunkuyi a cikin ledar da muka aika shi. An ninke shi da kyau. Haka masu hali ke mayar da abu.

Hajiya Bilki ta biyo shi da waya. Ta tambayi Goggo, ta tambayi maigida, ta tambayi ruwan sama da masara, sannan ta ce launukan sun yi mata, "sai dai Malama Badi'a, kusurwoyin nan ba sa gaisawa da juna." Ta ce dangin angon 'yarta Hussaina mutanen Abuja ne, za su shiga ɗakin su duba, kuma ta riga ta gaya wa kowa bargunan aikin Uwaliya ta Ikara ne, wato Goggo, ba na kanti ba. Shida take so kafin 18 ga Oktoba. In ba zai yiwu ba a faɗa mata da wuri, ba za ta riƙe kowa a rai ba. Za ta riƙe.

Na shimfiɗa shi a falo na duba. Gaskiyarta. Shekara tara ina koya wa 'yan mata lissafi, ina nuna musu yadda kusurwa huɗu ke haɗuwa a ɗigo guda. A bargon nan na ƙirga wuri talatin da ba su haɗu ba, na daina ƙirgawa.

Tsarinmu bai canja ba tun ina aji uku: Goggo ta zaɓi ƙyallaye ta yanka su gida-gida, kowane gida taƙinta guda, ta jera a daro. Ni in haɗa a keke, wanda yanzu yake gidana, in mayar mata ta auna, ta sa soso da shafi. Na duba ɗinkina da rula. Ba shi da laifi. Saura yankan.

Na ce wa Goggo Hajiya so take a ƙara masa baki mai faɗi. Ƙarya ce, amma ƙarama.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na zauna a gindin ɗakinta ina tsinke zare, ina kallon hannun. Da alli layin yake fita daidai, don tana danne kwalin da take zana gida da shi da hagu. Sai ta ɗaga almakashi a iska, nan yake fara rawa. Bakin ƙyallen ya fito kamar haƙorin zarto.

Tun azumin bara na lura. Kowa ya lura. Naja'atu ta maƙwabta ta daina cika mata kofin koko, ba ta ce don me ba. Gidanmu gidan da za a iya shekara ana kewaya rami a tsakar gida ne ba wanda ya ce akwai rami.

Ita ce ta ɗauke ni ranar da aka yi bakwan rasuwar babana, ƙanenta. Da almakashin nan ta kai ni jami'a. Yanzu zan dawo da digirin in ce mata hannunki ya ƙare.

Laraba, 10 ga Satumba

An koma makaranta. Aji ɗaya ɗalibai saba'in da huɗu, alli rabin kwali.

Asabar, 13 ga Satumba

Makarfi. Na karɓo ƙyallaye wajen Jumare tela, buhu ɗaya da rabi, galibi atamfa, ga ɗan shadda da ba za ta yi ba. Ya ce in gaya wa Goggo ya ware mata shuɗin da take so. Duk telan garin ya san abin da Goggo ke so. Ba wanda ya taɓa tambaya ta.

Na biya gidan ƙawata Farida. Tun muna Samaru take sayar da wani abu, yanzu kayan ɗinki ne daga Legas, ta waya. Na yi kuskuren ba ta labarin bargon. Ba ta bari na ƙarasa ba ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado.

Abu uku ne. Tabarmar roba koriya mai layuka. Rula mai faɗi da ake ganin ƙyalle ta cikinta. Sai wuƙar: reza ce zagayayya a kan mariƙi, tana birgima kamar taya. Ta ɗora ƙyalle shida kan juna, ta danne rula, ta tura sau ɗaya. Ba ƙara ma. Na ɗauki guda shidan na haɗa bakinsu, kamar katin waya. Na ji abin da nake ji in lissafi ya fita ba saura, kuma na ji kunyar jin sa.

Kuɗinsu ya kusa rabin albashina, kuma rezar tana dakushewa, sai an sayi wata. Na ce zan yi tunani. Ta ce wannan ne ciwona tun a makaranta, sai na yi wa abu lissafi har ya tsufa ya mutu. Ta ba ni aro zuwa ƙarshen wata: ko in saya, ko in dawo da shi da tabarmar ba tabo.

A mota na sa kwalin ƙarƙashin buhun ƙyallaye, kamar mai fasa-ƙwauri. Wa nake ɓoye wa a hanyar Makarfi?

Lahadi, 14 ga Satumba

Na gwada a kan teburin cin abinci. Abin da Goggo ke yankawa a yini biyu na yanka tsakanin la'asar da magariba. Na kuma yanke gefen ɗan yatsana, ban ji ba sai da na ga jini a kan rawaya.

Abin da na gano: tana da sauri, ba ta karkata, ba ta gajiya. Ba ta yi a ƙasa, sai tebur. Ba ta san wace atamfa ce za ta zuba a wanki ba. Maigidana Ja'afar ya leƙo ya ce ashe an ƙirƙiro almakashin malalata. Na ce ya gwada. Ya ce shi ma'aikacin gona ne, ya san abin da ke cire yatsa.

In na saya, me Goggo za ta yi? Zaɓen launi minti ashirin ne. Sauran yinin yanka ne. Yankan shi ne abin da ke sa ta fito da tabarma da safe.

Talata, 16 ga Satumba

Na samo mafita, kuma ina alfahari da ita, abin da ya kamata ya tsorata ni.

Goggo ta ci gaba da yankanta. In na kawo daron gida, in bi kowane gida da wuƙar in share masa baki, rabin santimita ta kowane gefe. Ƙyallenta ne, launinta ne, jerinta ne. Ba zan iya musanya su da sababbi ba, ta san kowane gida kamar 'ya'yan kajinta. Gyaran fuska kawai.

Na san bargon zai ragu. Gida goma sha huɗu a jere, santimita ɗaya-ɗaya. Bakin da zan sa zai cinye gibin, ba wanda zai sani.

Abin da nake sharewa siriri ne kamar taliya. Ina tara shi a baƙar leda bayan keke, don kar Naja'atu ta gani a shara in ta shigo.

Asabar, 20 ga Satumba

Na manta abu ɗaya. Goggo tana auna fuskar bargo kafin a sa baki. Kullum. Shekara ashirin ina kallon ta tana yi.

Na shimfiɗa shi a tsakar gidanta. Ta daɗe tana kallon kusurwoyin, ta shafa ɗaya da babban yatsa, ta ce hannuna ya fara nuna. Nawa, wai. Sannan ta kama bakin ta fara awo daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu biyar yake zama, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar ƙyallen ya ƙare a wuyan hannunta.

Ta sake. Ta juya ta ɗaya gefen ta sake. Ta ƙirga gidajen a fili, goma sha huɗu. Ta ɗauko kwalin da take zana gida da shi ta ɗora taƙinta a kai, daidai.

Ta tambaye ni ko na zurfafa ɗinki. Na juya mata bayan ta gani da idonta, ɗinkin yana inda yake kullum. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce mafi munin abin da na yi yau.

Ta ce, "To."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ban ji ta fito ba har na tafi.

Litinin, 22 ga Satumba

Hajiya Bilki ta ga hoton. Saƙon murya minti uku, da guɗa a ƙarshe. Ta ce ai ta san Uwaliya ba ta tsufa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na biyu ma ya gaza, da taƙi guda kamar na farko. Ba abin mamaki ba ne ga ɗaya daga cikinmu.

Na yi niyyar wannan karon ba zan taɓa ba. Na haɗa layi biyu yadda ta yanka, na duba, na farke. Hannun ya ƙara lalacewa tun Asabar. Wasu gidajen ba za a kira su masu kusurwa huɗu ba sai don ladabi.

Na ce mata ko za ta ɗan ƙara girman kwalin. Na ɗauka wayo na yi. Ta dube ni ta ce, kwalin da take aiki da shi tun kafin in yi haƙori? In kwali daidai ne, gida goma sha huɗu ne, ɗinki daidai ne, to abin da ya rage mai ƙirgawa ne.

Ta sa na ƙirga da ƙarfi tana bi na da yatsa. Mun kai goma sha huɗu tare. Ta ce, "Ke ma haka kika samu? Ko kin bi bakina ne?"

Asabar, 27 ga Satumba

Ba ta fito da tabarma ba. Na tarar da ita a bakin gado da carbi, daron yana gefe ba a taɓa ba.

Ta yi mini maganar Iya, mahaifiyarta, wadda ban taɓa jin ta ɗauko da kanta ba. Ni abin da na sani kaɗan ne: kakata ta yi gigin tsufa a Kudan, ta rasu ina jaririya. Goggo ta ce da awo ya fara. Iya ta shekara arba'in tana auna wa gida hatsi, wata rana ta auna mudu huɗu ta rantse shida ne. Aka yi dariya. Bayan shekara guda kullum la'asar sai ta ɗaure ƙunshi ta ce za ta tafi gida, alhali tana gida. Sau biyu aka tsinto ta a gonar rake. Daga nan aka sa kwaɗo a ƙofa, kuma Goggo ce ke rataye da makullin a wuya, shekara huɗu.

Ta ce shekaranjiya ta idar da azahar ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Jiya ta nemi allura tana riƙe da ita.

Na ce kowa na yin haka. Na ce ni ma. Na ce rashin barci ne. Na faɗi duk abin da ake faɗa, ban da abu ɗaya.

Ta ce, "Badi, in ya zo, kar ku sa mini kwaɗo. Ku ɗaura mini ƙararrawa a ƙafa kamar akuya, na yarda."

Na yi dariya don ta yi dariya. Na ɗauki daron na ce zan ƙarasa yankan da almakashina, ta huta. Ba ta hana ni ba. Da ta hana ni da na fi samun sauƙi.

Talata, 30 ga Satumba

Farida ta kira, wa'adi ya cika. Na roƙi ƙarin mako biyu. Ta ce wata mata a Zariya na jira, ni kuma ina riƙe da kaya kamar saurayin da ba ya aure ba ya sakin hanya. Ta ba ni zuwa 14.

Na gaya wa Ja'afar komai. Ya ajiye cokali ya ce in je in faɗa mata gobe da safe. Na ce in na faɗa, abu biyu zan faɗa: hannunki ba ya aiki, kuma na yi miki ƙarya. Ya ce ƙwarai, biyu ne, yana iya ƙirga. Na ce shi ba a gidan ya tashi ba. Ya ce shi ya sa yake gani.

Ban ci abincin ba. Ya yi daidai, kuma ba na son a yi daidai a gabana.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Na yanka na uku da na huɗu gaba ɗaya da wuƙar, daga ƙyallen da Goggo ta riga ta ware. Girman daidai wannan karon, kamu biyar cif. Na kai mata na uku da sauri kamar mai kai maganin maciji. Na ce ta auna.

Ta auna. Biyar.

Ta ce, kin ga, wanda ba ta sa hannu ba ya fita.

Ban hango wannan ba. Na fara zargin ban iya lissafi ba, sai dai koyar da shi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Baffa Lado ya zo daga Kudan. Ita ta aika a kira shi, ban sani ba sai da Naja'atu ta bugo mini ina tsakiyar darasi.

Na same su a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duka, har ya tambayi ɗalibaina. Yayan Goggo da babana ne, shi kaɗai ya rage namiji, kuma mutum ne da ba ya ɗaga murya don bai taɓa buƙata ba. Ya ce Uwaliya ta gaya masa abin da take ji a jikinta, kuma ta nemi a yi abin da ya kamata tun tana da hankalin cewa e ko a'a. Sun yanke: za ta koma gidansa a Kudan, inda akwai mata da yara a tsakar gida koyaushe, akwai ido. Gidan Ikara a rufe, in ya so a sa haya. Asabar ta sama, 11 ga wata, zai turo mota.

Na ce Baffa ai ba a ga likita ba. Ya ce Iya ma an kai ta Zariya, me aka yi? Na ce Goggo lafiyarta ƙalau. Ya dube ni da tausayi ya ce ya san ina son ta.

Ɗakin da za a ba ta shi ne ɗakin Iya. Ba wanda ya faɗi haka. Ɗaki ɗaya ne babu kowa a gidan.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Haɗa kaya. Ta raba tukwane, ta ba Naja'atu kaji. Tana yin komai a natse, tana faɗin sunan kowane abu da na wanda ya ba ta da shekarar, kamar mai ba da hadda kafin a karɓe allon. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na nuna mata haka. Ta ce Iya ma ta tuna sunan jakin babanta har ranar da ta mutu.

Ta naɗe almakashin a tsumma ta miƙo mini. Na ce ta ajiye tukuna. Ta ce mai gigi ba a bar masa ƙarfe.

Yana cikin jakata. Ya fi nauyin da na sani.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je don in faɗa. Na zauna, na sha fura, na ce Goggo akwai wata magana. Ta juyo gaba ɗaya tana saurare. Na tambaye ta ko za ta tafi da randar.

Shekara talatin da biyar. Digiri, da rabin wani.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban iya da baki ba, don haka na ɗauki kaya. Kwalin Farida a hannu ɗaya, baƙar ledar a ɗaya.

Bayan an sauko daga masallaci ne. Tana zaune a kan tabarma tsakanin ƙullin kaya. Na gaishe ta yadda ya kamata, na durƙusa, na zazzage ledar a gabanta. Siraran ƙyallaye, tuli guda, shuɗin Jumare a sama.

Ba ta tambaya ba. Ta ɗauki ɗaya ta miƙar da shi a cinyarta. Gefe ɗaya haƙorin zarto, gefe ɗaya kamar an ja da zare. Ta ɗauki wani. Na buɗe kwalin na nuna mata wuƙar, na faɗi abin da na yi, tun daga ranar da bargon ya dawo daga Hunkuyi da dalilin dawowarsa. Na faɗi kalmar. Na ce hannunki yana rawa, Goggo. Idona yana kan tabarma.

Ta tsinci guda ashirin da takwas, biyu-biyu ga kowane gida, tana ƙirgawa a hankali, ta jera su gefe da gefe. Ta ɗora taƙinta a kai. Ya kusa rufewa.

Na ji numfashinta ya fita, dogo, irin na wanda aka sauke wa kaya. Na yi zaton shi ke nan, har na fara ɗago kai.

"Hannun nan ni nake cin tuwo da shi. Wa ya ce miki ban sani ba?"

Na ce na ji nauyin faɗa ne.

"Kin ga hannu yana rawa kika ji nauyi. Kin ga kai yana tafiya kika iya zama kina shan fura."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni kwana nawa ke nan. Na ce ashirin. Ta ce ashirin da ɗaya, da Asabar ɗin da abin ya fara. Ta ce in kwashe kayana. Na fara tattara ƙyallayen, ta ce waɗannan nata ne, in bar su.

A ƙofa ta ce in ajiye mata almakashinta a kan taga.

Asabar, 11 ga Oktoba

Motar Kudan ta zo ta koma da Baffa shi kaɗai. Naja'atu ce ta ba ni labari, ni ban je ba. Wai Goggo ta ce masa ta fasa, awon ne ya sami matsala ba ita ba. Bai gane ba. Ta ce ba sai ya gane ba. Ba ta ambaci sunana ba. Ya bugo mini da yamma yana tambaya ko wannan sauyin ra'ayin ba alamar ciwon ba ce. Sai da na faɗa masa shi ma, daga farko. Ya ce Allah ya kyauta, ya gaishe da maigidana.

Kajin ba su dawo ba. Kyauta ba ta dawowa, in ji ta.

Talata, 14 ga Oktoba

Na saya. Farida ta ce ta san zan saya tun ranar farko, ta gani a idona. Ta ƙara mini reza ɗaya kyauta ta kuma sanar da ni sau uku cewa kyauta ce.

Ko ta cancanci kuɗinta? Ga mai yanka gida ɗari biyu a mako, mai tebur, mai yatsu goma da yake son ya ci gaba da su, e. Tana yin abin da aka ce za ta yi. Duk ɓarnar da aka yi a watan nan ba ita ta yi ba.

Na kai wa Goggo kunu da safe. Ta amsa gaisuwa har ƙarshe, ba ta tsallake ko gajiya ba. Ta kira ni Malama.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kira Hajiya Bilki na ce huɗu za ta samu ranar Asabar, biyu bayan biki. Na ce mata kuma na uku da na huɗu yankana ne, da wuƙa, ba na Goggo ba, ko da za ta so ta sani kafin ta faɗa wa mutanen Abuja. Ba ta tambaye ni ba. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ta ce to, biyun da suka rage a bar su kawai. An ninke ni da kyau.

Talata, 21 ga Oktoba

Asibiti, Zariya. Ita ta ce in nemi izini a makaranta in raka ta, ta bakin Naja'atu, ko da yake ina tsaye a wurin.

Likitan yarinya ce, ba ta kai ni ba. Ta tambayi tun yaushe. Na buɗe baki, na rufe. Goggo ta ce tun kafin azumin bara, ya fi tsanani da safe da kuma in ranta ya ɓaci, shi ya sa watan nan ya yi yawa. Ba ta dube ni ba. An sa ta zana da'ira, ta taɓa hanci, ta maimaita kalmomi biyar bayan minti goma. Ta maimaita, ta kuma gaya wa likitar cewa ɗinkin aljihun rigarta ya karkace. An ba da ƙwayoyi. Za su rage, ba za su kawar ba. A dawo bayan wata shida.

A mota tana kallon waje har muka wuce Hunkuyi. Sannan ta ce wa tagar, biyun da Hajiya ta fasa za a ƙarasa su, ƙyalle ba ya zama a daro. In kawo abin nawa gidanta, ba ta son aikin da ake yi a bayan ido. In zo da teburina, ita ba ta da shi. Baki kuma yatsa huɗu za a sa, ba wannan faffaɗan da na yi na ɓoye laifi ba.

Na ce yatsa huɗu santimita nawa ke nan, don in saita rula.

Ta ce ita ta sani? Yatsunta ne dai, ba nawa ba.

Da muka iso na ɗauko rular. Ta miƙo hannun, yana ta yi. Ba ya tsayawa a auna shi, sai na riƙe shi da nawa na kwantar a kan rular. Yana da sanyi, kuma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ban tuna rabon da in taɓa shi ba. Yana motsi a tafina kamar ɗan tsako.

Bakwai da rabi.

Na auna sau uku. Sau ɗaya ya isa. Ba ta janye ba.